Santur da Tabla: Wane Faifai Ya Kamata Ka Fara Da Shi?

Duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Indiya a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya sha jin santur, ko da bai san sunansa ba. Shi ne sautin nan mai kama da yayyafin farkon damina a kan rufin kwano, wanda akan saka idan jaruma ta buɗe taga ta hango duwatsun Kashmir. Mutumin da ya fi kowa suna wajen kaɗa shi, Shivkumar Sharma, shi da abokinsa mai sarewa Hariprasad Chaurasia ne suka tsara kiɗan Silsila a 1981, da Chandni a 1989, da Darr a 1993, suna kiran kansu Shiv-Hari. Ashe dai mun daɗe da gaisawa da hannun mutumin, fuskarsa ce kawai ba mu sani ba.

Rikicin yana farawa ne ranar da ka ce bari ka nemi kiɗan shi kaɗai, ba jarumi ba jaruma. Kana rubuta sunan sai abubuwa su yi maka rubdugu. Wani minti shida, wani sa'a ɗaya da 'yan kai, wani an manna masa hoton ruwa yana gangarowa daga dutse an ce maganin rashin barci ne. Data ba ta da yawa, lokaci ma haka, kuma idan ka fara da wanda bai dace da kai ba, da wuya ka sake waiwayar kiɗan. Na ga waɗanda suka buɗe wani dogon faifai, suka yi minti goma ba su ji ganga ba, suka rufe suna cewa mutumin gyaran tsirkiya yake ta yi. Don haka zan jera maka hanyoyi uku da suka fi cancanta, in faɗi wadda ni zan zaɓa da dalilina. Amma sai mun fara duba kayan kiɗan biyu, domin zaɓin yana rataye ne a kan halinsu.

Santur akwati ne na katako marar zurfi, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, an ja masa tsirkiyoyin ƙarfe birjik a kan ƙananan jakuna, irin jakin da ke ɗaga tsirkiyar garaya amma da yawa. Tsohon santur na Kashmir yana da tsirkiya 100 a kan jaki 25, huɗu-huɗu ke nan. Ba a taɓa su da yatsa kamar molo, ba a goga su kamar goge. Dukansu ake yi da 'yan sanduna biyu marasa nauyi masu lanƙwasar baki, waɗanda ake sassaƙawa daga icen wolnot na can ƙasar. Asalin gidansa kiɗan Sufaye ne na Kashmir, wanda suke kira Sufiyana, inda yake raka mawaƙa. Ba a ɗauke shi kayan manyan makaɗan Indiya ba sai da wani mawaƙi a Jammu, Uma Dutt Sharma, ya ɗora wa ɗansa shi yana ɗan shekara 13. Ɗan shi ne Shivkumar, wanda aka haifa a 1938, ya rasu a Mumbai a watan Mayun 2022.

Da ya fara fitowa da shi bainar jama'a a Bombai (Mumbai ta yau) a 1955, masana ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba, kuma suna da hujja. Ran kiɗan Indiya yana cikin jan murya, wato a tashi daga sauti ɗaya a zame zuwa wani ba tare da an yanke ba, kamar yadda mai goge ke jan yatsa a kan izga. Su suna kiran wannan mind. To santur ba ya iya wannan. Ka doki tsirkiya, ta yi ƙara, ta fara mutuwa, shi ke nan. Shekaru Shivkumar ya yi yana fama da wannan naƙasa. Ya canza yawan tsirkiyoyi da jakuna har muryar ta kai hawa uku, ya sauke akwatin daga kan ɗan teburin da ake ɗora shi ya aza a cinyarsa don ya rage amsa-kuwwa, ya kuma ƙirƙiro wata dabara ta jan sanda a kan tsirkiyoyi tana karkarwa, har kunne ya ɗauka sautin zamewa yake yi. Dabarar ta yi, amma gaskiya ba ta kai sitar (babban molon Indiya) ko sarewa ba, kuma duk wanda ya ce maka ta kai son kai ne ya hana shi faɗin gaskiya. Ƙarfin santur yana wani wuri daban. Abin duka ne, rabinsa ganga ne. Shivkumar kuwa tabla ya fara koya kafin santur, kuma ana jin haka a hannunsa.

Ita tabla, wadda sunanta ya fito daga ɗabl na Larabci, 'yan ganguna ne guda biyu da ake kaɗawa da yatsu da tafin hannu. Ta dama ƙarama ce ta katako, ana daidaita muryarta da ɗan guduma har ta yi daidai da sautin da kiɗan ya kafu a kai. Ta hagu mai ƙaton ciki ce, ta ƙarfe ko ta yumɓu, ita ce mai gurnani. Kowacce tana da baƙin tabo a fatarta, haɗin garin ƙarfe da kunun hatsi, shi ke sa ta yi ƙara kamar ƙararrawa maimakon ta yi dum ta mutu. Abin da zai fi burge Bahaushe shi ne aikin hannun hagu. Makaɗi yana danna fatar da gindin tafinsa yana turawa, sai muryar ta hau ta sauka, daidai da abin da mai kalangu ke yi idan ya matse tsarkiyar a hammata. Wannan dangantaka ba ni na ƙirƙiro ta ba. Zakir Hussain, wanda sunansa zai yi ta dawowa a nan, ya yi shekaru yana kiɗa da Sikiru Adepoju mai gangar Yarbawa, 'yar'uwar kalangu, kuma faifan Planet Drum da suka yi tare da Mickey Hart da Babatunde Olatunji ya ci kyautar Grammy a 1992.

Ka ga ke nan abin mai tsirkiya yana da halin ganga, gangar kuma tana da halin mai waƙa. Daɗin haɗuwarsu yana cikin hirar da suke yi. Da wannan ma'auni nake auna kowane faifai: fili nawa ya ba hirar nan?

Na farko da kowa zai nuna maka shi ne Call of the Valley, na 1967. Mutum uku ne a gaba: Shivkumar da santur, Chaurasia da sarewar gora, sai Brij Bhushan Kabra da jita wadda yake kwantar da ita yana jan ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Manikrao Popatkar ne ya riƙe tabla. An gina faifan a kan labarin yini guda na wani makiyayi a Kashmir, daga ketowar alfijir zuwa dare, kuma kowane yanki an ɗauko masa ragar da ta dace da lokacinsa. Ba ragar kamun kifi ba, kar a yi mini dariya. Raga a wurinsu tsari ne na sautuka da ƙa'idar hawansu da saukarsu, kowacce da halinta da lokacin da ake kaɗa ta. An buɗe da Ahir Bhairav ta asuba haɗe da Nat Bhairav, aka bi ta Pilu da Bhup da Des, aka rufe da Pahadi, wadda asalinta waƙar mutanen tsauni ce. Yanki biyar ne, duka-duka kamar minti 40, mafi tsawonsu ya ɗan haura minti 12.

Alherinsa a fili yake. Ba ya gajiyar da baƙo. Kunnen da ya saba da waƙar fim zai ji kamar gida ya shigo, kuma sarewa da makiyayi ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani ba. Yankin Bhup ma ya fi sauran shiga rai da wuri, domin sautuka biyar aka gina wannan raga a kansu, kamar yadda galibin kiɗanmu na gargajiya yake. Ba banza ba faifan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kasuwa a tarihin wannan kiɗa, har a Turai da Amurka.

Sai dai idan santur da tabla ka fito nema, a nan ɗanɗano za ka samu, ba ƙoshi ba. Santur ɗaya ne cikin murya uku, kuma sau da yawa sarewa da jita ne ke kwashe hankali, saboda su suna iya jan muryar da shi ba ya iyawa. Tabla kuwa an ajiye ta a matsayin mai riƙe lokaci, tana tafiya a natse a baya, ba ta tsoma baki. Ba laifin Popatkar ba ne, aikin da aka ba shi ke nan. Akwai kuma takurar faifan garmaho na wancan zamani, wanda kowace fuska ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da ɗoriya. Raga tana fara buɗe ido sai a ce ta tattara, wata na jira. Mutane da yawa sun shiga ta wannan ƙofa, sun zauna a zaure, sun ɗauka sun ga gidan.

Cikin gidan, wato hanya ta biyu, shi ne doguwar raga ɗaya da santur shi kaɗai ya ɗauko ta daga tushe, kuma tana da tsarin da idan ka san shi ba za ka ƙara cewa ana gyaran tsirkiya ba. Ana farawa da alap. Babu ganga ko kaɗan, sai amon tanpura a baya, wani dogon molo da aikinsa kawai ya riƙe sautin tushe. Makaɗi yana gabatar da sautukan ragar ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa, yana kewaya kowanne kamar mai taya saniya a kara. Daga nan sai jor, inda bugun zuciya ke shigowa kiɗan amma har yanzu ba ganga. Sai jhala, inda sandunan ke gudu har sautin ya zama kamar ruwan sama mai ƙarfi. Duk wannan yana iya cin minti 20 ko 30. Bayan nan ne santur zai kafa wani ɗan gajeren amshi da ake kira gat, mai tabla ya gyara zama, ya shigo. Wannan shigowa, bayan dogon jira, ita ce abin da gajeren faifai ba zai taɓa ba ka ba. Ruwan da aka sha bayan azumi daban yake da wanda aka kurɓa ana tafiya.

Faifan da nake ba mutane a wannan aji shi ne wanda kamfanin Nimbus na Birtaniya ya fitar a ƙarshen shekarun 1980, mai ɗauke da raga Madhuvanti da Misra Tilang, Shivkumar a kan santur, Zakir Hussain a kan tabla. Dalilai uku ne suka sa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi ƙanƙanta shi ne zamani. Faifan CD yana ɗaukar fiye da minti 70 ba juyawa, don haka ba wanda ya tsaya a kan makaɗan da agogo. Na biyu shi ne yadda Nimbus ke ɗaukar sauti. An san su da kafa na'urar ɗauka a wuri guda cikin ɗaki su bar makaɗa su yi abinsu, maimakon a cusa wa kowane kayan kiɗa makirfo a baki sannan a zo ana haɗawa. Wannan ya dace da santur ƙwarai, domin rabin kyansa yana cikin wutsiyar sautin, yadda tsirkiyoyin da ba a doka ba suke amsawa a hankali. Wasu na ƙorafin cewa irin wannan ɗauka tana sa kiɗan ya yi nisa kaɗan, kamar kana layi na biyar. Haka ne, sai ka ƙara murya.

Babban dalilin shi ne mutanen biyu. Zakir ɗa ne ga Alla Rakha, mai tablar da ya yi shekaru yana raka shahararren mai sitar Ravi Shankar. An haifi Zakir a Bombai a 1951, ya rasu a San Faransisko a Disambar 2024. Ya fi kowane mai tabla suna a zamaninsa, amma abin da ya sa ya dace da santur ba gudun yatsa ba ne, kunne ne. Shivkumar mutum ne mai son wasa da lissafi. Zai ɗauki amshi ya raba shi gida uku a kan bugun da ke tafiya huɗu-huɗu, ya karkace, ya yi kamar ya ɓata, sannan ya faɗo daidai inda ya kamata. Mai tablar da bai kai ba sai dai ya riƙe lokaci yana addu'a. Zakir kuwa yana jin inda aka nufa tun kafin a isa, ya tare shi a can, wani lokaci ma ya mayar masa da karin da gangar hagu, har ka ji kamar fata ce ke rera abin da ƙarfe ya faɗa. Ita Madhuvanti ragar yamma ce, tsakanin la'asar da faɗuwar rana, sunanta daga kalmar zuma ya fito, kuma akwai wani ɗan ɗaci na bege a ƙarƙashin zaƙin. Misra Tilang da ke biye da ita sassauƙa ce. Misra na nufin gauraye, wato an yarda makaɗi ya aro sautuka daga maƙwabta. Haka al'adarsu take, bayan tuwo a kawo abin wanke baki.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne ga sabon shiga: yana neman ka zauna. Ba kiɗan da za ka saka kana tuƙi a cunkoson gari ko kana amsa saƙonni ba ne. Sannan idan ba ka iya ƙirga ba, rabin abin da ke faruwa bayan shigowar tabla zai wuce ta saman kanka.

Ƙirgar kuwa ba wuya gare ta ba. Kiɗan yana zagaye ne a da'irar da suke kira tala. Wadda aka fi amfani da ita, tintal, bugu 16 ce, kashi huɗu na huɗu-huɗu. Ana tafawa a na 1 da na 5 da na 13, a na 9 kuma sai a kaɗa hannu a iska ba tafi. Wannan wuri suna kiransa khali, wato wofi, kalmar Larabci ce da almajiri zai gane. Alamarsa a kunne ita ce gangar hagu takan yi shiru na ɗan lokaci, gurnanin ya ɗauke, sannan ya dawo yana jan ka zuwa farkon da'ira. Bugun farkon nan sunansa sam. A Hausa sam ƙi ne, a wurinsu kuwa nan ne kowa ke cewa na'am, domin duk yawon da makaɗan biyu za su yi, a kansa suke haɗuwa. Akwai jhaptal mai bugu 10, biyu-uku-biyu-uku, da rupak mai 7, uku-biyu-biyu, da dadra mai 6 da ake yi wa sassauƙan kiɗa. Akan rubuta sunan talar a jikin faifai. Abu na ƙarshe da za ka kasa kunne gare shi shi ne tihai: jimla ɗaya a maimaita ta sau uku cif, ta ukun ta dire a kan sam. Ranar da ka fara hango tihai tun daga maimaici na biyu, ka ji gabanka yana faɗuwa ko za su dire daidai, to ka shigo gari.

Hanya ta uku ita ce ɗaukar dandali, wato wasan da aka yi gaban jama'a. Shivkumar da Zakir sun shafe shekaru da dama suna hawa dandali tare, a Indiya da wajenta, kuma bidiyon wasanninsu suna nan da yawa a YouTube. A nan gani ya kori ji da gaske. Za ka ga hannun hagun Zakir yana tura fata, ka ga kallon da suke yi wa juna dab da sam, ka ga murmushin da ɗaya ke yi idan ɗayan ya yi masa wayo. Ga wanda ƙirga ke ba wuya, kan masu sauraro ma malami ne, domin duk sukan gyaɗa shi lokaci guda. A dandali ne kuma ake samun sawal-jawab a cike, tambaya da amsa ke nan, kalmomin ma na Larabci ne. Santur ya faɗi jimla, tabla ta maimaita, a yi ta gajarta jimlar har su haɗe su ruga tare. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗan kalangu biyu suna yi wa juna habaici a gidan biki ya san wannan wasa.

Amma ina da ƙorafi biyu a kan fara sauraro daga nan. Na ɗaya sauti ne. Da yawa daga cikin bidiyon an kwafo su ne daga tsohon kaset na talbijin, an matse su an sake matsewa, kuma santur ne ya fi kowa shan wahalar wannan. Ƙyalƙyalin samansa yakan koma kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Na biyu ya fi damuna. Abin da aka fi yankowa a yaɗa shi ne minti bakwai na ƙarshe, inda ake gudu ana tafi. Yana da daɗi, ban musa ba, amma wanda ya fara da shi yakan ɗauka kiɗan tseren doki ne, sai ya kasa zama da alap har abada. Tsofaffin masana a Indiya ma sun daɗe suna gunaguni cewa sawal-jawab ya zama abin neman tafi tun lokacin da Ravi Shankar da Alla Rakha suka burge matasan Amurka da shi a bikin kiɗa na Monterey a 1967. Idan za ka kalli na dandali, nemi cikakke, ka haƙura da tari da gyaran murya da ɗan guduman da mai tabla ke ƙwanƙwasawa a tsakiyar kiɗa. Zafin fitilu yana canza muryar tsirkiya da fata, dole a yi ta gyara.

Waɗanda aka manna wa hoton ruwa da furanni ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba. Galibi an kwantar da santur ne a kan sautin kwamfuta, tablar ma wani lokaci na'ura ce ke maimaita bugu ɗaya. In barci kake nema za su yi maka, amma ba hira a ciki, don ba mutum biyu ba ne. Kar dai ka haɗa su da gaurayen da manya suka yi da gaske. A faifan Saturday Night in Bombay na ƙungiyar Remember Shakti, wanda ya fito a 2001, akwai wani dogon yanki mai suna Shringar inda Shivkumar ya zauna da Zakir da Baturen Ingila mai jita John McLaughlin. Wannan kiɗa ne na sosai, sai dai na ajiye shi a na huɗu ko na biyar, bayan kunne ya san yadda raga take idan ba a gauraya ta ba.

Kar kuma sunan mutum ɗaya ya rufe maka ido. Idan ka ji hannun Shivkumar ya cika tsabta da lissafi, gwada Bhajan Sopori, ɗan asalin Kashmir daga gidan da suka gaji kiɗan Sufiyana, wanda ya rasu a Yunin 2022, makonni uku bayan Shivkumar. Santur ɗinsa ya fi girma da kauri, ya ƙara masa tsirkiyoyi masu zurfin murya da yake dannawa don ya samu jan muryar nan da aka ce santur ba ya yi. Sautinsa ya fi duhu, alap ɗinsa ya fi kama da na mawaƙi. Tarun Bhattacharya na Kolkata, almajirin Ravi Shankar, shi ma ya bi ta wannan ɓangare da tasa dabarar. Akwai kuma Sampradaya na 1999, inda Shivkumar ya kaɗa da ɗansa Rahul, Shafaat Ahmed Khan yana tabla. Santur biyu a lokaci guda abin sha'awa ne, kuma hannun Shafaat ya fi na Zakir kamewa, wanda wasu suka fi so. Amma ga mai koyon sauraro, rarrabe uba da ɗa ƙarin aiki ne da bai kamata ya fara da shi ba.

Wani tarko kuma: Iran ma suna da nasu santur, mai tsirkiya 72, kuma shi ne yakan fara fitowa idan ka rubuta sunan da harafin u. Kiɗa ne mai daraja, amma tsarinsa daban, gangar da ke raka shi tombak ce ba tabla ba. Na Indiya a jikin faifai akan rubuta shi da o biyu, santoor. Ka haɗa da sunan raga ko na makaɗi, za ka faɗa inda kake so.

Duk wanda ka zaɓa, kar ka saurare shi ta lasifikar waya. Ba ta iya fitar da gurnanin gangar hagu, kuma idan wannan ya ɓace, khali ya ɓace, ƙirga ta rushe, ka koma jin ƙwas-ƙwas kawai. Abin kunne ko mai araha ne ya wadatar. Batun data kuma, sa'a ɗaya ta sauti zalla a matsakaicin inganci na kbps 128 ba ta kai megabait 60 ba, a inganci na 320 kuwa ta kusa 145. Ga santur, na biyun ya cancanci kuɗinsa. Bidiyo ya ninka haka, shi ya sa ma nake cewa a bar shi sai an san abin da za a kalla.

To ga yadda zan raba. Idan ba ka taɓa zama da kiɗan da ba waƙa a cikinsa ba, kuma kana tsoron gundura, ɗauki Call of the Valley, ka ji shi sau biyu ko uku, amma ka sa a ranka cewa hanya ce. Idan kai makaɗi ne, ko ka tashi kusa da masu kalangu har hannunka yana motsi da kansa in an buga, je ka kai tsaye ga cikakken wasan dandali na Shivkumar da Zakir, idonka zai koya maka abin da ya rage. Idan kuwa faifai ɗaya tak za ka sauke, kuma santur da tabla ne suka kawo ka, Madhuvanti na Nimbus nake ba ka, ba tare da na yi dogon tunani ba. Ka saka shi bayan la'asar, lokacin da aka yi ragar dominsa. A ji na farko kar ka ƙirga komai, ka bari alap ya ɗauki lokacinsa. A na biyu ka tsallake zuwa inda tabla ta shigo, ka duba sunan talar, ka aza hannu a gwiwa ka nemi sam. Za ka ɓata sau da yawa. In ka ɓata, jira gangar hagu ta yi shiru, ka sake kamawa daga nan.